Wane Ne Jarumi? Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Allon Waya

Jawabin da malaman harshe da adabi suka gabatar a taron ƙarshen zango na reshenmu a Damba. Mun buga shi ɗungurungum domin 'yan uwa da iyalansu da ba su samu halarta ba.



Shugaban reshe da 'yan majalisarsa, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka ajiye aiki amma ba su ajiye alli ba, 'yan uwa malamai maza da mata, da iyayen yara da suka karrama mu da zuwa: muna yi muku barka da war haka. Gaisuwa ta musamman ga waɗanda suka biyo hanyar Tsafe da ta Bungudu, domin duk mun san abin da bin hanya ya zama a wannan zamani. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Da aka ba mu wannan dama, wasu sun zaci za mu yi magana a kan jarrabawa ko ƙarancin littattafai. Waɗannan suna da ranarsu. Abin da ya tsayar da mu a gabanku yau wata takarda ce guda ɗaya, ta wani yaro, wadda ta hana mu sukuni tun ranar da muka karanta ta.

A zangon da ya gabata mun ba 'yan aji uku na ƙaramar sakandare aikin insha'i mai taken "Jarumin da Na Fi So". Amsoshin ba su ba mu mamaki ba. Akwai masu Spider-Man da Superman, akwai masu jaruman finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, akwai masu 'yan ƙwallo, akwai kuma 'yan ƙalilan da suka rubuta mahaifiyarsu ko mahaifinsu. Sai muka zo kan takardar wani yaro mai natsuwa, mai kyan rubutu, wanda bai taɓa ba mu wahala ba. Jaruminsa wani mutum ne da ke cikin daji riƙe da bindiga. Ya kuwa jera hujjojinsa tsaf, kamar yadda muka koya masa: ba ya tsoron kowa, kowa yana tsoronsa, ana yi masa waƙa, kuma in ya ce zai yi abu sai ya yi.

Da farko zuciya ta raya mana mu ɗauki bulala. Da muka sake karantawa sai jikinmu ya yi sanyi, domin waɗannan hujjoji huɗu su ne muke jerawa a kan allo duk lokacin da muke koyar da mazan jiya. Mun koya wa yaran cewa jarumi shi ne marar tsoro, mai suna, mai cika baki ya cika. Ba mu koya musu mudun da za su auna shi da shi ba. To, wannan mudu muke so mu nemo tare da ku yau, ta hanyar jera jaruman da a gefe ɗaya, jaruman allon zamani a ɗaya gefen.

Baƙi biyu, dodanni biyu

Hausa ba ta da talaucin sunan namijin duniya. Muna da jarumi, ko zarumi a bakinmu na nan yamma. Muna da gwarzo, da barde, da sadauki. Amma yau in ka ce "jarumi" a gaban yaro, abin da zai fara faɗo masa shi ne ɗan wasan fim. Kalmar ta sauka daga kan doki ta hau allo. Bari mu fara komawa da ita inda ta fito.

Kowa a nan ya san tarihihin Bayajida. Baƙo ne ya iso Daura da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwan da zai ba dokinsa. Ta gaya masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, saboda macijin da ya tare rijiyar Kusugu. Ya ari guga ya tafi, ya sare kan macijin da makamin da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya ɗebi ruwa ya komo. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta nemi wanda ya yi aikin. Masu son banza suka yi ta fitowa, kowa yana cewa shi ne, har sai da aka zo ga mai ainihin kan macijin a hannu.

Turawan Ingila ma suna da nasu. Wata doguwar waƙa ce cikin tsohon Ingilishi mai suna Beowulf, layi 3,182, wadda kofi ɗaya tak ya rage daga cikinta. An rubuta kofin wajen shekara ta 1000, ya tsira da ƙyar daga wata gobara a 1731, yanzu kuma yana ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Labarin ya faru ne a yankin da yake Denmark da kudancin Sweden a yau. Wani sarki mai suna Hrothgar ya gina ƙasaitaccen zaure, sai wani dodo da ake kira Grendel ya riƙa shigowa da dare yana cinye mazajensa, har shekara 12, zauren ya zama kufai da zarar rana ta faɗi. Beowulf, saurayi daga wata ƙasa, ya ƙetaro teku da mutum 14. Sarkin ya taɓa yi wa mahaifinsa alheri, shi kuwa bai manta ba. Ya tsaya a gaban fada ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce zai kashe dodon ko ya mutu a zauren. Da ya ji cewa dodon ba ya riƙe makami, sai shi ma ya ajiye takobinsa. Suka yi kokawa har ya cire wa dodon hannu tun daga kafaɗa, aka rataye hannun a zaure kowa ya gani. Uwar dodon ta zo ɗaukar fansa, ya bi ta har ƙarƙashin tafki ya gama da ita.

Ku dubi kamar da ke tsakanin labaran nan biyu, alhali masu su ba su taɓa jin ɗuriyar juna ba. A duka biyun akwai abin da jama'a ba sa iya rayuwa sai da shi, rijiya a can, wurin kwana a nan, kuma wani azzalumi ya tare shi. A duka biyun 'yan gari sun gaji har sun saba da wulaƙancin. A duka biyun baƙo ne ya zo ya ce wannan ba zai yiwu ba. A duka biyun kuma jama'a ba ta yarda da baki kawai ba, sai da aka kawo shaida: kan maciji, hannun dodo. Gani ya kori ji.

Labarin Beowulf bai tsaya a nan ba, kuma ƙarshensa ne ya fi dacewa da mu. Ya koma gida ya yi sarauta shekara 50. Yana tsoho sai wani bawa ya saci ƙoƙon zinariya daga taskar wani gawurtaccen maciji mai fuka-fuki, mai aman wuta, macijin ya tashi yana ƙone garuruwa. Tsohon sarki ya fita da zaɓaɓɓun mazaje 11. Da wuta ta yi wuta, 10 suka ruga cikin kurmi. Saurayi ɗaya, Wiglaf, shi ne ya tsaya. Su biyu suka kashe macijin, amma dafin ya riga ya shiga jikin sarki, ya rasu a wurin. Waƙar ta rufe da jana'iza, mutanensa suna kuka, suna jiran maƙiyan da suka san za su auko musu tunda garkuwarsu ta faɗi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Jaruman allo

Su kuwa jaruman da yaranmu ke kallo a waya, 'yan jiya-jiya ne. An haife su a mujallun labarin zane na Amurka. Superman ya fara fitowa a 1938, ƙirƙirar wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130 kacal. Batman ya biyo baya a 1939, Spider-Man a 1962, Black Panther a 1966, wanda fim ɗinsa na 2018 ya zaga duniya saboda jaruminsa baƙar fata ne, sarkin wata ƙagaggiyar ƙasa a Afirka. Superman jariri ne da aka cillo daga wata duniyar, manoma suka tsince shi suka rene shi. Yana tashi sama, harsashi ba ya huda shi. Batman ɗan attajiri ne da aka kashe iyayensa a gaban idonsa, ya rantse zai yaƙi miyagu. Spider-Man maraya ne ɗan makaranta, gizo-gizo ya cije shi ya sami ƙarfi. Abin dariyar shi ne, mu Gizonmu na tatsuniya sarkin wayo ne da kwaɗayi, nasu kuma mai ceton mutane.

Kada mu yi saurin cewa wannan ƙarya ce irin ta Turawa, mu ba mu san ta ba. Mun san ta sarai. Mene ne tauri in ba jikin da ƙarfe ba ya ci ba? Mene ne layar zana da baduhu in ba ɓacewa daga idon abokin gaba ba? Waƙoƙin Kassu Zurmi cike suke da 'yan tauri da mafarauta masu irin wannan shiri. Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda aka buga a 1934, ya yaƙi Turawa sannan ya shiga duniyar aljannu. Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya tashi ba ya iya tafiya, daga baya ya zama sadaukin da ba a karawa da shi. Shi kansa Beowulf an ce damƙar hannunsa ta mutum 30 ce. Ɗan Adam a ko'ina yana mafarkin ƙarfin da ya wuce nasa, musamman in yana cikin tsoro. Superman ya fito ne lokacin da talauci ya dabaibaye Amurka, yaƙin duniya na biyu kuma yana ƙofa. Ba abin mamaki ba ne yaron da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe ya so mutumin da harsashi ba ya hudawa.

Inda suka rabu

Bambanci na farko shi ne suna da fuska. Jarumin da yana fita fili ne ya yi kirari. Mu da muke koyar da adabin baka mun san kirari bashi ne: duk abin da maharbi ko ɗan dambe ya faɗa a gaban jama'a, jama'a za ta bi shi bashinsa. Ya ambaci sunansa, ya ambaci gidansu. In ya gudu, kunyar ba tasa ba ce shi kaɗai. Jarumin allo kuwa yana rufe fuska, yana da suna biyu, ko maƙwabcinsa bai san shi ba. Marubutan suna cewa don ya kare iyalinsa ne, kuma hujja ce mai ma'ana. Amma wanda ba a san fuskarsa ba, in ya yi kuskure, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa?

Na biyu shi ne tushen ƙarfi. Ɗan dambe yakan shekara yana shan duka kafin makaɗi ya san sunansa. Maharbi yakan bi ubangidansa daji yana ɗauke da jaka kafin a ba shi baka. Ko asirin da ake cewa suna da shi, ba a ba mutum sai an ga hankalinsa, kuma da sharaɗi. Yawancin jaruman allo kuwa tsautsayi ko haihuwa ce ta ba su: cizon gizo, hatsari a ɗakin gwaji, gadon dukiya. Darasin da yaro zai iya ɗauka a nan, in ba a yi hattara ba, shi ne ƙarfi tsintuwa ne, a dare ɗaya ake samunsa. Bindiga kuwa ita ce tsintuwar da ta fi kowace saurin mayar da yaro abin tsoro.

Na uku shi ne mutuwa. Beowulf ya san zai mutu, kuma ya mutu. Wannan sanin shi ne ya ba jaruntarsa daraja, domin wanda ba abin da zai same shi, shigarsa wuta ba bajinta ba ce. An kashe Superman a wata mujalla a 1992, kafin shekara ta zagayo an dawo da shi, domin kamfani ba ya binne hajar da ke kawo masa kuɗi. Yaron da ya girma yana kallon mutum ya faɗo daga bene ya kakkaɓe rigarsa ya wuce, yana bukatar wanda zai tuna masa cewa a duniyarmu wanda ya faɗi ba ya tashi, kuma yana barin marayu.

Sai dai adalci ya wajaba, ko da a kan ƙagaggen mutum ne. Akwai wuraren da jarumin allo ya fi na da. Jarumin da na mutanensa ne kawai, kuma yana jiran tukuici: Beowulf ya koma gida da dawaki da zinariya, Bayajida ya auri sarauniya. Spider-Man yana ceton wanda bai sani ba, ba ya tambayar ƙabilarsa, ba ya karɓar ko sisi, sau da yawa ma kuɗin haya yana gagararsa. A farkon labarinsa ya ga ɓarawo yana gudu ya ƙyale shi, yana cewa ba ruwansa. Ɓarawon nan shi ne ya kashe kawun da ya rene shi. Daga ranar ya gane cewa mai iko ba shi da damar cewa ba ruwansa. Batman, a mafi yawan labaransa, ya haramta wa kansa kisa, yana kama mai laifi ya miƙa wa hukuma. Wannan kame kai abu ne da ya kamata mu yaba a gaban yara, kuma ya dace da abin da aka karantar da mu tun muna ƙanana, cewa mai ƙarfi na gaskiya shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya game da mazan jiya. Da yawansu gwarzaye ne a garinsu, masifa a garin maƙwabta. Sarkin Gobir Babari gwarzo ne a bakin makaɗan Gobir, amma shi ne ya rushe Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Sarauniya Amina ta Zazzau abin alfaharinmu ce, amma garuruwan da ta ci da yaƙi ba su yi mata guɗa ba. Ganuwowin da suka kewaye tsofaffin biranenmu, da zaman da kakanninmu suka yi a jikin duwatsu irin na Kwatarkwashi, shaida ne cewa jarumin wani dodon wani ne. In muka koyar da tarihin nan ba tare da wannan ɓangare ba, mun koya wa yaro cewa duk wanda ya fi ƙarfi shi ne mai gaskiya.

Mudu mai tambaya uku

Daga wannan jeri muka fitar da tambayoyi uku, waɗanda muke ganin ko ɗan firamare zai iya riƙewa.

Ta farko: wa yake karewa, kuma a kan wa ƙarfinsa yake sauka? Bayajida ya buɗe rijiya. Beowulf ya mayar wa mutane da barcinsu. Wanda ya tare hanyar gona, ya sa wa manomi haraji kafin ya girbe abin da ya shuka, ya hana mata zuwa kasuwa, a labarin Daura ba gurbin Bayajida yake ba. Gurbin macijin yake. Ku tuna sunan macijin nan Sarki, kuma shi ma kowa yana tsoronsa, shi ma in ya hana ruwa ya hanu.

Ta biyu: da wa yake karawa, kuma me zai iya rasawa? Beowulf ya ajiye takobi don abokin karawarsa ba shi da shi. A filin dambe, irin wanda Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa a kansa, ba a haɗa ƙato da yaro, ba a dukan wanda bai shirya ba, kuma da zarar mutum ya kai ƙasa an gama. Wanda ya zo da tsakar dare da bindiga a kan 'yan mata masu barci, wace kasada ya yi? Ba mu manta da daren 26 ga Fabrairu, 2021 a Jangebe ba, da 'yan mata 279 da aka sako bayan kwanaki. Ba mu manta da rufe makarantun jihar nan a watan Satumba na 2021 ba, ko ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kwashe a Sabon Gida a Satumbar 2023. A duk ƙa'idar mazan jiya, tasu da tamu, wannan aikin ragwaye ne.

Ta uku: wa ke iya tsawata masa? Barde yana da sarki, maharbi yana da sarkin dawa, ɗan dambe yana da alƙalin fili. Wannan tambaya ba 'yan daji kaɗai ta shafa ba. Ta shafi duk wanda ya ɗauki makami da sunan kare gari sannan ya mayar da kansa ɗan sanda, alƙali da hauni a lokaci guda. Mun ga yadda ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba take ƙara wa wutar nan makamashi. A azuzuwanmu akwai 'ya'yan Hausawa da 'ya'yan Fulani a kan benci ɗaya, kuma kowane ɓangare yana da marayunsa.

Saura maganar waƙa, wadda ita ce hujjar yaronmu ta uku. Waƙa ba ta wanke kowa. A ƙasar nan an yi Gambu mai waƙar ɓarayi, kalanguna sun yi amo, fasaha ta zuba, amma ɓarawo bai tashi daga ɓarawo ba, kuma shi kansa makaɗin ya bar layin daga baya. Bambancin yau shi ne waƙar da hoton suna shiga aljihun yaro ta TikTok da WhatsApp, ba tare da wani babba a kusa da zai ce masa kul ba.

In muka auna da wannan mudu, za mu ga cewa mafi girman jaruntar da aka yi a ƙasar nan ba da takobi aka yi ta ba. A ƙarshen shekarun 1780, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, wanda sunansa kaɗai ke sa gari ya watse, ya tara malamai a lokacin Idi ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, daga ciki har da sakin fursunoni da sassauta wa talakawa haraji. A zamaninmu kuma, a watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo da ya haura shekara 80, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa hannu rabbana yana roƙon maharan. Fuskarsa a buɗe, sunansa sananne, jikinsa kuwa harsashi yana huda shi kamar na kowa. Ya cika sharuɗɗan jarumin da, ya haɗa da mafi kyawun halin jarumin allo.

Abin da ke hannunmu

'Yan uwa malamai, muna da shawarwari huɗu, kuma babu wadda ke bukatar kasafin kuɗi.

Kada mu ɓata ƙarfinmu wajen yaƙi da finafinan nan. Yaran sun riga sun kalla. Mu shigo da su aji. A sa yara su jera Bayajida da Spider-Man, Amina da Black Panther, su auna kowa da tambayoyin uku, su yi muhawara. Yaron da ya saba auna jarumin ƙarya zai iya auna na gaske.

Mu tura su gida da aikin bincike: kowa ya rubuto labarin mutum ɗaya a unguwarsu ko ƙauyensu da ya taɓa sa kansa cikin haɗari ko wahala don wani. Za su samo ungozomar da ke fita da dare, da direban da ya koma ya ɗauko waɗanda aka bari, da matar da ta haɗa marayun maƙwabta da nata. Garin da ya fitar da malaman 'Yandoto, da irin su Malam Sambo Ɗan Ashafa da ya kafa Gusau, ba zai rasa wanda za a rubuta ba.

Mu dawo da kirari a matsayinsa na alkawari. Kowane ɗalibi ya tsara wa kansa kirari a farkon zango, ya sa a ciki abin da zai iya cikawa, aji kuma ya bi shi bashi a ƙarshe.

In kuma muka ci karo da yaro irin namu, kada mu tozarta shi a gaban 'yan uwansa. Sau da yawa wanda ke yabon mai bindiga shi ne wanda bindiga ta fi firgitawa.

Iyayenmu da ke nan, musamman iyaye mata, rabin aikin naku ne. Yaro yana jin wanda ake ambata a tsakar gida da sassauta murya, yana lura da hoton da babansa ya tsaya ya kalla sau biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasi na ƙarshe na Wiglaf ne. Abin da ya hallaka mutanen Beowulf ba macijin ba ne, domin an kashe shi. Sun shekara 50 suna jingine da mutum ɗaya, har suka manta yadda ake tsayawa. Finafinan zamani ma suna da wannan illa: jama'a a cikinsu 'yan kallo ne, aikinsu ihu da duban sama. Mu ba mu son mu yaye 'yan kallo. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma garin da mutum goma suka tsaya ya fi garin da mutum ɗaya ya yi suna.

Za ku so ku ji yadda muka ƙare da yaron. Mun kira shi gefe bayan an tashi, muka yi masa tambayoyin nan uku a kan jaruminsa. Ya amsa ta farko da ta biyu da kansa, kansa a sunkuye. Da muka zo ta uku sai ya ɗago ya ce, "To Malam, in ba shi ba, wa zai kare mu?" Daga baya muka ji cewa daga wani ƙauye suka yi hijira zuwa nan, kuma mahaifinsa bai iso tare da su ba. Amsar wannan tambaya tana wuyan hukumomin da aka ɗora wa tsaron rayuka, kuma ba za mu gaji da tuna musu ba. Namu shi ne mu tabbatar cewa kafin amsar ta iso, yaron bai ɗauki macijin a matsayin mai buɗe rijiya ba. Har yanzu yana zuwa makaranta, yana zaune a layi na biyu, kuma mun ba shi sabuwar takarda.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya shirya mana zuri'a.